Turbar Bakin Rafi a Tsaunukan Smoky: Abin da Ya Kamata Ku Sani Kafin Ku Taka

A gabashin Amurka, a kan iyakar jihar Tennessee da jihar Karolina ta Arewa, akwai gandun dajin da ya fi kowane babban gandun daji na ƙasar karɓar baƙi. Sunansa Great Smoky Mountains. A 'yan shekarun nan yakan samu ziyara kimanin miliyan 12 a shekara guda. Mafi yawan masu zuwan ba gwanayen hawan dutse ba ne. Iyalai ne da 'ya'yansu, da dattawa, da ɗalibai, da baƙin da aiki ko karatu ya kai su ƙasar. Abin da suke nema shi ne hanyar ƙafa mai inuwa, wadda ba za ta gajiyar da su ba, ga kuma rafi yana gudu a gefenta.

Hanyoyin ƙafar gandun, in an haɗa tsawonsu, sun kai kimanin kilomita 1,300. Na zaɓi guda ɗaya daga ciki, turbar Little River, domin ita ce ta fi nuna abin da ake nufi da tafiyar bakin rafi a cikin tsaunuka, daɗinta da haɗarinta duka. Wanda ya fahimce ta ya fahimci ire-irenta a ko'ina. Abu guda nake so mai karatu ya riƙe tun daga nan: a irin wannan hanya ruwa ne mai gida. Shi ya sassaƙa kwarin, shi ya sa hanyar ta yi sauƙi, shi ke ciyar da duk abin da ido zai gani, kuma shi ne abin da ya fi cancantar a ji tsoronsa.

Turbar tana tashi ne daga wani wuri da ake kira Elkmont, kimanin kilomita 13 daga garin Gatlinburg. Tana da faɗi, an shimfiɗa mata tsakuwa, mutum biyu ko uku suna iya jerawa suna hira. In kana hawa, rafin yana hannunka na hagu, wani lokaci dab da ƙafarka, wani lokaci can ƙasa kaɗan a bayan itatuwa, amma ƙararsa ba ta rabuwa da kunnenka. Bayan tafiyar kimanin kilomita uku da rabi sai a iske magangarar ruwan Huskey Branch, mai tsayin kamar mita 6, wadda ke sulalowa kan dutse daga hannun dama ta wuce ƙarƙashin 'yar gadar da ake takawa. Gaba kaɗan, kafin a cika kilomita 4, akwai mararrabar da turbar Cucumber Gap ta rabu. Galibin mutane a nan suke juyawa. Zuwa da dawowa bai wuce kilomita 8 ba, kuma duk hawan da aka yi bai kai mita 150 ba, shi ya sa ƙafa ba ta jin sa. Mai sauran ƙarfi yana iya bin Cucumber Gap ya kewayo ta turbar Jakes Creek ya dawo inda ya bar mota, kewayen kimanin kilomita 9 ke nan, amma wannan ɓangaren ya fi matsi da saiwoyi, kuma akwai ƙoramar da sai an tsallaka ta kan duwatsu. Ita kuwa turbar Little River tana ci gaba har ta cika kusan kilomita 10, tana ƙara tsukewa da kaɗaici.

Dalilin sauƙinta

Mai lura zai tambayi kansa: a tsakiyar tsaunukan da ƙololuwarsu ta haura mita 2,000, yaya aka yi hanya ta miƙe haka, ba tudu mai yanke numfashi, ba kwana mai tsanani? Amsar ita ce ba don masu yawo aka yi ta ba. Tsohon layin dogo ne.

A 1901 wani ɗan kasuwa daga jihar Pennsylvania, Wilson B. Townsend, tare da abokan cinikinsa, suka kafa kamfanin katako na Little River, suka sayi dubban kadada na dajin da ke wannan kwari. Suka gina injin tsaga katako a garin da yau ke ɗauke da sunansa, Townsend, suka shimfiɗa layin dogo yana bin bakin ruwa yana kutsawa cikin tsaunuka. A 1908 layin ya isa Elkmont, wurin ya zama sansanin masu saran itace. Jirgin ƙasa ba ya son tudu, shi kuwa rafi ya riga ya share wa kansa hanya mafi sauƙi tsawon dubban shekaru, sai masu shimfiɗa layin suka bi sawunsa. Da aka ɗebe ƙarafan, gadon layin ya rage, shi ne ake takawa yau. Hanyoyin bakin rafi da dama a wannan gandun haka asalinsu yake. Har yanzu mai ido yakan hango guntun igiyar ƙarfe ko tsatsattsen ƙarfen dogo a cikin ciyawa. Doka ta hana ɗauka.

Saran da aka yi ba ƙarami ba ne. An kwantar da itatuwan da suka shekara ɗaruruwa, aka janyo gumagumansu daga gangaren duwatsu da igiyoyin ƙarfe da injin tururi, aka bar ƙasa tsirara ga wuta da zaizaya. Don haka dajin da ke yi wa mai tafiya inuwa a yau sabon toho ne. Dubi jikin itatuwan: dogaye ne, miƙaƙƙu, kaurinsu kusan ɗaya, domin a lokaci guda suka tashi suna rige-rigen samun rana. A ganina wannan ya ƙara wa wurin daraja. Ƙasar da aka yi wa aski ƙwal ta sake rufa da kurmi cikin ƙasa da shekara ɗari, saboda an ɗauke mata gatari an bar ta da ruwanta.

Jirgin da ke fitar da gumagumai shi ne kuma ya riƙa shigo da masu hali daga birnin Knoxville don shan iska da kamun kifi. A 1910 suka kafa ƙungiyar Appalachian Club a Elkmont, a 1912 aka buɗe otal ɗin Wonderland, aka gina gidajen hutu na katako a jere a bakin ruwa. Daga cikin mutanen Knoxville ɗin nan ne aka samu waɗanda suka tsaya kai da fata sai an mai da tsaunukan gandun ƙasa, irin su Ann Davis da David Chapman. Aka yi ta tara kuɗi, har 'yan makaranta suna ba da 'yan kwabbansu, sannan John D. Rockefeller ƙarami ya ba da dala miliyan 5. Kamfanin Townsend ya sayar da filinsa a 1926 bisa sharaɗin zai ci gaba da sara na tsawon shekara 15, aikinsa bai tsaya ba sai 1939. An kafa gandun a 1934, Shugaba Franklin Roosevelt ya ƙaddamar da shi a 1940, hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya a 1983.

Kafa shi bai zo ba tare da hawaye ba. Iyalai sama da dubu ne suka bar gonakinsu da majami'unsu da kaburburan iyayensu. Kafin su kuma ƙasar ta ƙabilar Cherokee ce, waɗanda gwamnatin Amurka ta kora zuwa yamma a 1838, dubbai suka mutu a hanya. Wani ɓangarensu ya tsira a cikin tsaunukan, jikokinsu na nan a gefen gandun ta Karolina ta Arewa, kuma a watan Satumban 2024 aka mayar wa dutse mafi tsayi a gandun, mai mita 2,025, sunansa na Cherokee, wato Kuwohi. Su kuwa masu gidajen hutun Elkmont an bar su da haya har zuwa 1992, ƙalilan har 2001. An adana gine-gine 19, aka rushe sauran. Shi ya sa a farkon turbar za ka ga murhun dutse da bututun hayaƙinsa a tsaye a cikin daji, babu ɗaki.

Abin da ruwan ke rayawa

Rafin, wato Little River, yana fitowa ne daga gangaren arewa na dutsen Kuwohi, ya yi tafiyar kusan kilomita 100 kafin ya faɗa kogin Tennessee kusa da Knoxville. A hanyarsa garuruwan Maryville da Alcoa suna ɗibar ruwan sha daga gare shi. Ba ya ƙafewa, domin sama ba ta yi wa tsaunukan rowa: kwaruruka suna samun kimanin milimita 1,400 na ruwa a shekara, ƙololuwa kuwa sama da milimita 2,100. Shuɗin hazon da ke rufe duwatsun, wanda daga nesa sai ka ce hayaƙi, daga wannan danshi ne da kuma tururin da ganyayen itatuwa ke fitarwa.

Inda ruwa ya wadata haka rayuwa takan yi yawa. An ƙididdige nau'in halittu sama da 19,000 a gandun, akwai itatuwan asali nau'i kusan 100, da tsirrai masu fure sama da 1,500. Amma abin da masana suka fi alfahari da shi wata 'yar halitta ce mai laushin jiki, mai ƙafa huɗu da wutsiya, da ake kira salamanda. Siffarta ta tsaka ce, danginta kuwa kwaɗi. Akwai nau'inta kimanin 30 a gandun, kuma mafi yawansu ba su da huhu sam, ta fata suke shaƙar iska. In fatar ta bushe sun mutu. Wannan ne ya sa suke zama a ƙarƙashin duwatsun bakin ruwa da ruɓaɓɓun itatuwa.

Babbar cikinsu, wadda ake kira helbenda, tana iya haura santimita 60, kuma tana nan a cikin Little River. Ba ta rayuwa sai a ruwa mai sanyi, mai tsabta, mai gudu. Tana zaɓen faffaɗan dutse guda a ƙasan rafi ta mai da shi gida shekara da shekaru, a nan macen ke zuba ƙwai a ƙarshen lokacin zafi, namijin ya zauna yana gadi. Yanzu ku duba abin da baƙi suka ɗauka wasa ne: ɗaga duwatsun rafi a jera su ɗaya bisa ɗaya don ɗaukar hoto, ko a tare ruwa da su don yara su yi wanka. Duk dutsen da aka ɗaga rufin gidan wani ne. Ƙwai su tafi da ruwa, ƙananan ƙwarin da kifi ke ci su watse, wani lokaci dutsen ya danne mai gidan. Ma'aikatan gandun sun daɗe suna roƙon a daina, kuma ina ganin babu roƙon da ya fi wannan sauƙin cikawa. A bar dutse inda ruwa ya ajiye shi.

Akwai kifin tirawut a rafin, ana kama shi da lasisi bisa ƙa'ida. Akwai karen ruwa, wanda farauta ta ƙarar da shi a da, aka dawo da shi tun daga 1986. Akwai kuma abin baƙin ciki da ido ba zai kauce masa ba: busassun itatuwa masu launin toka a tsaye a bakin ruwa. Yawancinsu itacen hemlok ne, wanda wani ɗan mitsitsin ƙwaro ɗan asalin Asiya yake tsotsewa. An fara ganin ƙwaron a gandun a 2002. Hemlok ne ke yi wa ƙoramu inuwa duk shekara yana riƙe musu sanyi, don haka mutuwarsa ta shafi har kifin da ke ƙasa. Mai tafiya kuma ya kula, busasshen itace yana karyewa ba sanarwa, kada a zauna hutu a gindinsa, balle ranar iska.

Inda haɗarin yake

Baƙo yakan iso da tsoron namun daji. Hukumar gandun kuwa abin da take nanatawa shi ne nutsewa a ruwa tana cikin manyan abubuwan da ke kashe mutane a wurin, kuma ba ta ba kowa shawarar iyo a rafukanta. Babu masu ceto a bakin ruwa, waya ba ta kamawa a mafi yawan kwarin, taimako yana iya ɗaukar sa'o'i.

Matsalar farko santsi ne. Duwatsun rafin ruwa ya goge su, gansakuka ta lulluɓe su, wasu ma sirin danshi ne kawai da ido ba ya gani. Mutum ya bar turba mai kyau ya taka dutse don ya ɗauki hoto, ƙafa ta zame, sai targaɗe, ko karaya, ko kai ya bugu. Wanda kansa ya bugu, ruwan da bai kai gwiwa ba ya isa ya kashe shi. Magangarar ruwa ta fi ko'ina muni, domin feshinta yana jiƙa duwatsun gefe dare da rana. A kalle ta daga ƙasa. Mutane sun mutu a wannan gandun wajen ƙoƙarin hawa saman magangara, kuma a ƙasan wannan kogin, a gefen titin mota, akwai wani gurbi da ake kira The Sinks wanda ya ci rayuka.

Ta biyu ita ce yadda ruwa ke hawa. Duk wanda ya tashi kusa da kwari ya san yadda ruwa kan taho da ƙarfi ya cika shi alhali ko ɗigo bai sauka a garinku ba, can sama aka yi shi. Haka abin yake a nan, har ma ya fi sauri, domin gangaren yana da tsanani kuma duk ƙoramun tsaunin cikin rafi ɗaya suke juyewa. Kana cikin rana a Elkmont, hadari yana zuba a kan Kuwohi. Alamunsa a bayyane suke ga mai lura: ruwan da yake garau ya fara gurɓacewa, ganyaye da ƙirare suna wucewa, ƙararsa ta ƙaru, dutsen da ka gani a bushe ɗazu ya nutse. Da ka ga ɗaya daga ciki, kwashe yara ku hau turba. In kuma hanyarka ta bi ta ƙoramar da babu gada, ka iske ta cika, juyawa ita ce dabara. Ruwa mai gudu da ya wuce gwiwa yana kayar da ƙato. Ƙaramar ƙorama takan sauka cikin sa'o'i bayan an ɗauke ruwa, jira ba ya kashe kowa.

Ta uku mutane ƙalilan ne suka san ta, kuma ita ce na fi so a riƙe. Wanda ya faɗa ruwa mai gudu, abin da zuciyarsa za ta fara gaya masa shi ne ya miƙe tsaye. Wannan ne kuskuren. Ƙasan rafi cike yake da ramuka tsakanin duwatsu, ƙafa tana iya shiga ta maƙale, ƙarfin ruwa ya tura ƙirji gaba ya danne fuska a ciki, ko da wurin ba zurfi. Abin da masu ceto ke koyarwa shi ne mutum ya kwanta rigingine, ƙafafu a sama suna fuskantar inda ruwa ya nufa don su tare masa duwatsu, ya riƙa tuƙi da hannu zuwa gefe, kada ya taka ƙasa sai ya isa inda ruwa ya lafa. Wanda ke bakin gaɓa kuma kada ya faɗa ciki don ceto, ya miƙa sanda ko reshe, ko ya jefa abin da za a kama.

Sai sanyi. Ruwan dutse yana da sanyi ko a tsakiyar lokacin zafi. Mutum ya jiƙe, iska ta kaɗa, zafin jikinsa yana iya faɗuwa har ya fara rawar ɗari, magana ta sarƙe, hankali ya dagule. Yara da tsofaffi ne suka fi saurin kamuwa. Maganinsa busasshen tufa a cikin leda a jaka, da cire jiƙaƙƙen nan take.

Kuma duk kyan ruwan a ido, kada a sha shi haka. Yana iya ɗauke da ƙwayar giyardiya mai sa zawo da ciwon ciki na makonni, wadda ba ta nuna kanta sai bayan kwanaki. A tafasa shi minti guda, ko a tace da matatar da aka yi don haka, ko kuma, mafi sauƙi, a taho da ruwa daga gida. Mai son alwala ya ɗebo a gora daga inda ƙafarsa ta kafu a kan tsakuwa, ya koma gefe, ya yi kurkurar baki da ruwan shansa. Daga wannan yanki alƙibla tana arewa maso gabas. Sabulu kuwa, ko wane iri ne, ba ya shiga rafi.

Beyar da sauransu

Gandun yana da baƙar beyar kimanin 1,900, kuma ana ganin ta a Elkmont. Ba zan ce ba ta da haɗari ba: a watan Mayun 2000 beyar ta kashe wata mata a can saman wannan turba, kusa da mararrabar turbar Goshen Prong, shi ne karo na farko a tarihin gandun. Amma in aka auna da miliyoyin da ke wucewa lafiya, irin wannan abu ne mai wuyar aukuwa ƙwarai. Doka ta hana kusantar ta da gangan ƙasa da mita 45, tarar tana iya kai dala 5,000, har da ɗaurin wata shida. In ka gan ta, ka tsaya. In ta bar abin da take yi saboda kai, ka matsa kusa da yawa, sai ka ja da baya sannu kana fuskantar ta. Gudu yana tsokano ta, kuma ta fi ka gudu da hawan itace. In ta biyo ka, ku haɗu wuri ɗaya, ku ɗaga hannuwa, ku yi ihu, ku jefe ta da duwatsu. In ta kai ga farmaki, baƙar beyar faɗa ake yi da ita da duk abin da hannu ya samu, ba a kwanta mata kamar an mutu.

Abinci ne tushen kusan duk rikicin mutum da beyar. Wadda ta saba samun ragowar burodi a hannun baƙi takan daina tsoron mutane, ƙarshenta sau da yawa a kashe ta. Ɓawon ayaba da ƙashin kaza duk shara ne, a mayar da su jaka.

Macizai nau'i 23 ne a gandun, biyu kacal ke da dafi, ɗaya mai ƙararrawa a wutsiya, ɗaya mai kai kalar jan ƙarfe. Sukan sha rana a kan duwatsu da tsofaffin katangu, don haka a duba kafin a sa hannu ko a zauna. Abin da ya fi su yawan cutar da mutane rina ce mai gida a cikin ƙasa, wadda ke yin zafi daga ƙarshen lokacin zafi zuwa lokacin zubar ganye. Wanda harbin ƙwaro ke kumbura masa jiki ya riƙe maganinsa. Akwai kaska, a duba jiki bayan an dawo. Akwai kuma wata ciyawa mai yaɗo, ganyenta uku-uku, mai sa ƙaiƙayi da ƙuraje in ta taɓa fata. Wanda bai sauka daga turba ba da wuya ya gamu da ita.

Shiri da lokaci

Kayan ba su da yawa. Takalmi rufaffe mai riƙe ƙasa, ko kambas mai kyau ya wadatar a nan, silifa ce dai ba ta dace ba. Rigar ruwa ko da gari ya waye garau. Ruwan sha kamar lita biyu ga babba, abin taɓawa, tocila, taswirar takarda, 'yan kayan ɗaurin rauni. Sanda tana taimaka wa dattijo da mai ciwon gwiwa. A gaya wa wani inda aka nufa da lokacin da ake sa ran dawowa.

Hukumar gandun tana lissafa cewa matsakaicin mai tafiya a tsaunukan yana cin kimanin kilomita biyu da rabi a awa. A wannan turba ana iya fin haka, amma da yara da tsaye-tsaye a ware awa uku zuwa huɗu. Sannu ba ta hana zuwa. A tuna kuma duhu yana riga shiga kwari kafin ya shiga fili, domin dutse yana tare rana da wuri. A sa lokacin juyawa tun kafin a tashi, in ya yi a juya ko an kai magangara ko ba a kai ba. Yara su kasance a gaban ido, kuma ta gefen da ba ruwa. Babu banɗaki a kan turbar, wanda ya matsu ya yi nesa da ruwa aƙalla mita 30, ya haƙa ya binne.

Shiga gandun kyauta ne, amma tun watan Maris na 2023 duk motar da za ta tsaya fiye da minti 15 sai da takardar ajiye mota. Da aka fara, dala 5 ce ta yini, 15 ta mako, 40 ta shekara. Takardar ba ta ba ka tabbacin samun gurbi, kuma filin ajiye motoci na Elkmont yana cika da hantsi a ranakun hutu, sammako ne maganinsa. Ba a shiga wannan turba da kare. Turba biyu kawai aka yarje wa karnuka a duk gandun, ta Gatlinburg da ta kogin Oconaluftee.

Watan Afrilu ne lokacin furanni, ƙasa takan rufe da su kafin itatuwa su gama fitar da ganye su tare rana. A Yuni da Yuli kurmin rododendiron da ke bakin ruwa yana yin fararen furanni, amma lokacin ne na hadarin la'asar da cunkoso. Daga tsakiyar Oktoba zuwa farkon Nuwamba ganyaye suna rikiɗa ja da rawaya, jama'a su yi yawa ƙwarai. Da hunturu wurin ya yi shiru, ana hango duwatsun ta tsakanin rassa, sai dai ƙanƙara kan kwanta a gada da tsakuwa, wani lokaci a rufe titi.

Akwai kuma darare takwas, tsakanin ƙarshen Mayu da farkon Yuni, da Elkmont ke zama abin kallon duniya. Wani nau'in maƙesu, ƙwaron nan mai walƙiya da dare, yana taruwa dubbai a farkon wannan turba. Mazan suna ƙyalla wutarsu tare, sau biyar zuwa takwas, sai duk su ɗauke lokaci guda, daji ya yi duhu na kamar daƙiƙa takwas, matan su amsa daga ƙasa, sannan a sake. Neman aure ne, kuma bayan shekara ɗaya ko biyu da suka yi a cikin ƙasa suna tsutsa, makonni uku kacal suke da su a sarari. Hasken tocila ko na waya yana rikita su, shi ya sa ake rufe fitila da jan leda a haska ƙasa kawai. Saboda yawan masu so, ta ƙuri'a a intanet ake raba izinin shiga da mota, ana buɗe ta makonni kafin lokacin, kuma a waɗannan ranaku ana rufe Elkmont da yamma ga wanda ba shi da izini ko wurin kwana a sansanin baƙi da ke can.

Yanayin hanyoyin gandun yana canzawa. Guguwar Helene ta watan Satumban 2024 ta lalata tituna da gadoji a ɓangaren Karolina ta Arewa, kuma ko ba guguwa akan rufe turba saboda faɗuwar itace ko yawan zirga-zirgar beyar. Cibiyar baƙi ta Sugarlands tana kan hanyarku daga Gatlinburg zuwa Elkmont. Ku tsaya a nan, ku sayi takardar mota da taswira, ku tambayi ma'aikata ko turbar a buɗe take da kuma yadda ruwa yake a ranar. In sun ce ya hau, ku ɗaga tafiyar zuwa wata rana.